Yadda ake gwajin FISH don gano ƙwayar gadon da ta tsinke ta koma wani wuri

A shekarar 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, yana aiki a Yuganda, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Daga baya aka gano tushen matsalar a cikin kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar gado mai suna MYC, wadda mazauninta ke kan kuromosom na 8, takan tsinke ta manne kusa da wata mai suna IGH a kan kuromosom na 14. Kamar tela ne ya yanke hannun riga ya ɗinka shi a jikin wando, ya ɗauki ƙafar wandon ya liƙa wa rigar. Ba a rasa ko ƙyalle ɗaya ba, amma komai ya bar gurbinsa. Da MYC ta sami kanta a sabon wurin, sai ta yi ta tunzura ƙwayoyin halitta su hayayyafa ba tsayawa.

Irin wannan sauyin wuri shi gwajin FISH ke nunawa ƙuru-ƙuru. Ana ɗaukar ɗan guntun DNA da aka ƙera ya dace da wani wuri guda a kan kuromosom, a rataya masa sinadari mai ƙyalli, ja ko kore. Wannan guntun shi zan riƙa kira manuni. Idan aka zuba shi a kan samfur, sai ya nemi wurin da ya dace da shi ya manne, a leƙa ta maikuroskof mai hasken ƙyalli a ga ɗigo ja ko kore a cikin cibiyar ƙwayar halitta. Gall da Pardue ne suka fara wannan dabara a 1969 da sinadari mai tururin nukiliya, sai a shekarun 1980 aka koma amfani da launi mai ƙyalli.

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu ɗalibai da masu bautar ƙasa da ake turowa ɗakunan gwaji na Legas, wajejen Idi-Araba, Yaba da Ikeja, waɗanda ake miƙa musu takardar kamfani da Turanci a ce su bi. Takardar tana da amfani, kuma ita ce gaba da duk lambar da zan bayar a nan idan suka saɓa. Sai dai wanda ya rubuta ta bai san go-sulo ba, bai san raɓar Legas ba, bai san a ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare ba. Manuni kuwa da dala ake sayo shi daga waje, ɗigo kaɗan ne a cikin kwalba. Mafi yawan gwajin da ke lalacewa tun kafin a buɗe kwalbar ya riga ya lalace.

Zaɓen manuni

Tambayar da kake son amsawa ita ke zaɓa maka manuni. Iri biyu ne aka fi amfani da su wajen gano sauyin wuri.

Na farko shi ne manunin rabuwa. Ana sa ja a gefe ɗaya na ƙwayar gadon, kore a ɗaya gefen. Idan lafiya take, launukan biyu suna manne, har su ba da ruwan ɗorawa. Ƙwayar halitta lafiyayya za ta nuna irin wannan ɗigo guda biyu, ɗaya daga kuromosom ɗin uwa, ɗaya daga na uba. Idan ƙwayar gadon ta tsinke, za ka ga haɗaɗɗen ɗigo ɗaya, sai ja shi kaɗai a nan, kore shi kaɗai a can. Amfaninsa shi ne ba ruwansa da wadda ta je ta haɗu da ita. MYC, alal misali, a galibin masu ciwon Burkitt da IGH take haɗuwa, amma wani lokaci takan tafi kuromosom na 2 ko na 22. Haka ALK a kan kuromosom na 2 a wani nau'in dajin huhu, da EWSR1 a kan na 22 a dajin ƙashi na Ewing, da KMT2A a kan na 11 wadda abokan haɗuwarta suka yi yawa.

Na biyu shi ne manunin haɗuwa. A nan ƙwayoyin gado biyu ne, kowace da launinta. Lafiyayyar ƙwayar halitta tana nuna ja biyu, kore biyu, kowane a ware. Idan an yi musayar, sai a ga haɗaɗɗu biyu, ja ɗaya, kore ɗaya. Shi ake amfani da shi ga BCR da ABL1 a wani nau'in dajin jini, wato kuromosom ɗin Filadelfiya da Nowell da Hungerford suka gani a 1960, wanda Janet Rowley ta nuna a 1973 cewa musaya ce tsakanin kuromosom na 9 da na 22. Haka PML da RARA tsakanin na 15 da na 17. Idan ka san abokan haɗuwar duka biyun, wannan ya fi tabbas, domin da wuya a sami haɗaɗɗu biyu a ƙwaya ɗaya bisa katari.

Kafin a yi oda, je ka duba matatan hasken da ke cikin maikuroskof ɗinku. Manunin da launinsa bai dace da matatarku ba, kuɗi ne aka zubar. Ranar da kaya suka iso kuma, kada su kwana a ofis ko a bayan mota. Yawancinsu a firiza ake ajiye su, digiri 20 ƙasa da sifili, cikin duhu. Wasu kamfanonin sun ce firij ya isa, don haka karanta jikin kwalbar. Yawan narkewa da sake daskarewa yana rage musu ƙarfi, saboda haka firizar da ke kan inbata ko sola ita ce tasu.

Samfurin

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ake yin asara.

Idan jini ne ko ɓargo, a zuba shi a kwalba mai koren murfi, mai ɗauke da hefarin da ke hana jini daskarewa. Kada a daskarar da shi, kada kuma a bar shi a rana. Wanda zai taso da shi daga Ikorodu ko Badagry a gaya masa ya sa shi a akwatin sanyi, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara. A ɗakin gwaji ana jiƙa ƙwayoyin a ruwan fotasiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.075 a digiri 37 kamar minti 20 don su kumbura, sannan a kafe su da haɗin metanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya. Wannan haɗin sabo ake yin sa kowace rana, a wanke ƙwayoyin da shi sau biyu ko uku har su yi fari. Sai a ɗiga a kan silaid a bar shi ya bushe. Yadda ɗigon ke bushewa ya danganta da raɓar iska. An fi son wajen kashi 50 cikin 100, alhali a daminar Legas raɓa takan haura kashi 80. Yi wannan aikin a ɗaki mai iyakwandishan, ka duba silaid na farko kafin ka ɗiga sauran. Ƙwayoyin su baje, kada su hau kan juna.

Idan tsokar da aka yanko a tiyata ce, maganar fomalin ce, ruwan da ke kafe nama ya hana shi ruɓewa. A sa ta a fomalin kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, cikin awa ɗaya da cirowa. Yawan ruwan ya ninka girman tsokar aƙalla sau goma. Fomalin a hankali yake ratsa nama, kamar milimita ɗaya a awa, don haka babban ƙari sai an tsattsaga shi, in ba haka ba bayansa ya kafe cikinsa ya ruɓe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce zaman tsokar a fomalin kada ya gaza awa 6, kada ya wuce awa 72. Yanzu lissafa: an yi tiyata ranar Alhamis da yamma, dangin mara lafiya suka riƙe robar a gida a Agege saboda ba a haɗa kuɗin gwaji ba, Juma'a ta wuce, Asabar da Lahadi ba aiki, sai Talata aka kawo. Fomalin ya riga ya ɗaure DNA da furotin tam, manuni ba zai sami hanyar shiga ba. Wannan ba laifin dangi ba ne, ba a yi musu bayani ba. Idan kana wurin karɓar samfur ka ji mai kawowa Bahaushe ne, yi masa bayanin da harshensa: "Baba, wannan robar ba a kwana da ita a gida, yau ake so ta iso." Sannan a rubuta lokacin da aka sa tsokar a fomalin a jikin takarda.

Ƙashi kuma yana da tasa matsalar. Idan aka tausasa shi da asid mai ƙarfi, irin naitirik ko haidurokulorik, DNA ta ragargaje ke nan. Sinadarin EDTA, wanda shi ma ke tausasa ƙashi, ya fi jinkiri, amma shi ke barin DNA da ranta. Duk ƙashin da ake tunanin za a yi masa FISH, a faɗa wa masu sarrafa shi tun farko.

Daga bulok ɗin kakin da ake daskarar da naman a ciki ana yanka mai kaurin maikuron 4 zuwa 5, a ɗora a kan silaid mai riƙe nama, wanda aka yi wa cajin lantarki. Silaid na gama-gari zai saki naman a cikin ruwan zafi. A yanka ɗaya na kusa da shi a rina shi da rinin yau da kullum, likitan nazarin cututtuka ya zagaye wurin da dajin yake, sai ka kwafi da'irar a bayan silaid ɗinka da alƙalami mai bakin daimon. Lambar samfur da fensir ake rubuta ta, domin tawada tana wankewa a itanol. Idan aikin bincike ne, lamba kawai, ba suna ba, kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyar.

Rana ta farko: buɗe wa manuni hanya

Gasa silaid a digiri 56 zuwa 60, aƙalla awa ɗaya, wasu har kwana. Sai cire kaki: zailin sau uku, minti 5 zuwa 10 kowane, sannan tsantsar itanol sau biyu. Ragowar kaki ko kaɗan ne yana hana manuni shiga, kuma yana yin wani hazo a ƙarƙashin haske. Itanol ɗin da aka bar shi a buɗe a wannan gari yana shan ruwan iska ya daina zama tsantsa, don haka rufe kwalba da zarar ka zuba.

Daga nan sai ruwan tausasawa mai zafi, sodiyam tayosayanet a digiri 80 ko ruwan sitiret, gwargwadon abin da kamfani ya bayar, yawanci minti 10 zuwa 30. A ɗauraye da tataccen ruwa. Sai fefsin a digiri 37, wanda ke cinye furotin ɗin da ya lulluɓe DNA.

Lokacin fefsin ba shi da lamba guda, kuma a nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Naman da ya daɗe a fomalin yana buƙatar ƙarin lokaci, ɗan ƙaramin samfurin allura kuwa minti kaɗan ya ishe shi. Dabarar da na fi yarda da ita: bayan minti 10 ko 15, ɗauraye, ɗiga DAPI, rinin da ke sa cibiyoyin ƙwayoyin halitta su yi shuɗi, rufe, ka leƙa. Idan cibiyoyin sun yi dishi-dishi, ba a ganin iyakarsu, kuma koren hazo ya rufe fili, fefsin bai isa ba, mayar da silaid na wasu mintuna. Idan cibiyoyin sun fito shuɗi tas, kowace da iyakarta, ya yi. Idan tsakiyarsu ta rarake ta zama rami, an zarce, sai dai a yanko sabo. Wannan leƙen na minti biyar ya fi arha nesa ba kusa ba a kan zuba manuni a kan naman da bai shirya ba.

Busar da silaid ta hanyar tsoma shi a itanol kashi 70, kashi 85, sannan kashi 100, minti ɗaya ko biyu kowane, a bar shi ya sha iska. Samfurin jini da ɓargo ba ya buƙatar zailin da ruwan digiri 80. Daga ɗan jiƙo a ruwan gishirin SSC, wani lokaci da fefsin kaɗan, sai itanol.

Yanzu rage hasken ɗaki. Fito da manuni ya huce, girgiza shi, juya shi a na'ura na daƙiƙa kaɗan don ruwan ya taru a gindi. Yana da kauri, ja shi da fifet a hankali. Maikurolita 10 ke isar murfin gilashi mai faɗin milimita 22. Idan wurin da aka zagaye ƙarami ne, yi amfani da ƙaramin murfi da ɗigo kaɗan, kwalbar ta yi maka auki. Kwantar da murfin ta gefe don kada kumfa ta shiga, domin duk inda kumfa ta zauna ba za a sami ɗigo ba. Liƙe gefuna da gam ɗin roba. A cikin ruwan manunin akwai fomamaid, wanda ke iya cutar da ɗan tayi. Safar hannu dole ce ga kowa, mace mai juna biyu kuma gara a ɗauke mata wannan matakin.

DNA igiya biyu ce a tufke, sai an warware ta manuni zai kama. Zafi ke yin wannan. Ɗora silaid a na'urar ɗumama silaid, digiri 73 zuwa 80 kamar minti 3 zuwa 5, naman kaki yakan so ɓangaren sama na wannan. Daga nan na'urar ta sauko digiri 37 ta zauna a haka awa 14 zuwa 24, da jiƙaƙƙen ƙyalle ko takarda a ciki don kada silaid ya bushe.

Daren nan shi ne abin tsoro. Idan aka ɗauke wuta, wasu na'urorin sukan koma farkon shiri idan ta dawo, su sake kai silaid digiri 75 da asuba, manunin da ya kama ya saki. Kafin ka tafi gida, tabbatar na'urar tana kan inbata, ka kuma san halinta idan wuta ta yanke. Wanda ba shi da tabbas gara ya kwashe silaid bayan warwarewa, ya sa su a rufaffen akwati mai laima, ya ajiye a inkubeta mai digiri 37, domin ita tana riƙe ɗumi ko an canza zuwa janareto.

Rana ta biyu: wanki

Minti biyu ne kacal, amma su ke raba aiki mai tsabta da mai datti. Manufar ita ce a kori manunin da ya manne a inda bai dace ba, a bar wanda ya kama daidai. Ga jini da ɓargo, ruwan SSC mai ƙarfin 0.4 da ɗan sabulun NP-40 kashi 0.3, a digiri 72 zuwa 73. Ga naman kaki kamfanoni da yawa sukan ce SSC mai ƙarfin 2 a kusan wannan zafin. Sa tulun gilashin da ruwan wankin ke ciki a tukunyar ɗumama ruwa tun tana sanyi su yi zafi tare, in ba haka ba ya fashe. Auna zafin a cikin tulun da ma'aunin da aka tantance, kada ka yarda da lambar da ke jikin na'ura. Ɓare gam, zame murfin a hankali a cikin ruwan SSC mara zafi, sannan ka tsoma silaid a mai zafin na minti 2. Kada ka sa fiye da huɗu a lokaci ɗaya, kowane silaid yana rage zafin ruwan. Zafi ya yi yawa, ɗigon ya dushe ko ya ɓace. Ya yi kaɗan, fili ya cika da tartsatsin ja da kore.

Ɗauraye a SSC mai ƙarfin 2 mara zafi kamar minti ɗaya, busar a duhu, ɗiga maikurolita 10 na DAPI mai maganin dushewa, rufe. Bar shi a firiza kamar minti 20 zuwa 30 kafin karatu, launin yakan fi zama.

Karatu

Fara da silaid ɗin shaida, wanda aka riga aka san amsarsa, mai sauyin da mara shi. Idan shaida ba ta fito daidai ba, ba a karanta na mara lafiya. Nemo wurin da aka zagaye da ƙaramin gilashi ta matatar DAPI, sannan ka koma gilashi mai ninki 100 wanda ake ɗiga wa mai. Duba ja shi kaɗai, kore shi kaɗai, sannan matatar da ke haɗa su. Riƙa murɗa saitin gani sama da ƙasa, domin ɗigo biyu na iya kasancewa ɗaya a saman cibiya ɗaya a ƙasanta. Rufe hasken duk lokacin da ka ɗaga kai, yana cinye launi. Fitilar makuri ta maikuroskof kuma tana da awannin aiki da kamfani ya ƙayyade, a riƙa rubuta su, tsohuwar fitila takan sa a zargi manuni a banza.

Cibiyar da ta hau kan wata, ko ta fashe, ko ba a ga launukan biyu a cikinta ba, tsallake ta. A naman kaki wuƙa takan raba cibiya biyu, saboda haka rashin ɗigo ɗaya a ƙwaya ɗaya ba hujja ba ce.

Ga manunin rabuwa, ba kowace 'yar tazara ce tsinkewa ba. A gwajin ALK ana so tazarar ja da kore ta kai faɗin ɗigo biyu. Ana ƙirga cibiya 50. Ƙasa da 5 masu rabuwa, babu. Fiye da 25, akwai. Tsakanin 5 da 25, mutum na biyu ya ƙirga wasu 50, a haɗa, idan ya kai kashi 15 cikin 100 akwai. A ALK ɗin ja shi kaɗai ba kore ana lissafa shi cikin masu sauyi, amma kore shi kaɗai ba a lissafa shi. Wannan ƙa'idar ta ALK ce, ba a ɗora ta a kan MYC ko EWSR1. A jini da ɓargo an saba ƙirga 200, mutum biyu kowa 100, ba tare da ɗaya ya ga lissafin ɗaya ba. Kowane ɗakin gwaji kuma shi zai fitar da iyakarsa ga kowane manuni, ta hanyar gwada samfuran masu lafiya, kamar guda 20, a ga sau nawa siffar cuta ke fitowa bisa katari.

Wani abin da ba a cika tambaya ba: akwai maza da dama da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma ba su sani ba. Duk wanda zai zauna karatun FISH a gwada idonsa tukuna.

Rahoto

Rubuta sunan manuni da kamfaninsa da lambar kwalba, irin samfurin, yawan cibiyoyin da aka ƙirga, nawa suka nuna sauyi, da iyakar ɗakin gwajinku. Siffar da ba a saba gani ba, kamar ƙarin ɗigo ko ɓacewar launi ɗaya, a bayyana ta yadda take, kada a tura ta cikin "akwai" ko "babu" da ƙarfi. Ɗauki hoto a ranar, domin launi yana dushewa ko a firiza.

A rahoton a faɗi iyakar gwajin. FISH abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa: manunin MYC ba zai ce komai game da BCL2 ba, kuma idan ɗan guntu ƙarami ne ya kutsa wani wuri, manunin rabuwa na iya nuna komai lafiya. Rabuwar MYC ita kaɗai ba ta tabbatar da Burkitt, domin ana samunta a wasu dajin ƙwayoyin limfa, dole likita ya haɗa da siffar nama da sauran rini. Mara lafiya mai BCR da ABL1 da ya fara shan maganin imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, FISH na da amfani a farko, amma bibiyar ragowar cutar idan ta yi ƙasa sosai aikin wani gwaji ne daban mai suna PCR. Sakamakon PML da RARA kuwa ba ya jiran a buga takarda: da zarar mai karatu na biyu ya tabbatar, a kira likitan da ya turo samfurin a waya, domin wannan nau'in dajin jini yana kashewa da zubar jini cikin kwanaki, kuma yana da maganinsa na musamman, ATRA, wanda likitoci kan fara bayarwa tun suna zargi.